Daeng Kanang, Mai Dafa Mahaifar Gwaji

Sunanta na yanka Saribanong, amma in ba a takardun ofis ba, ban taɓa jin an kira ta da shi ba. Kowa Daeng Kanang yake ce mata, Daeng kuwa laƙabin girmamawa ne a wajenmu. Shekara goma sha tara muka yi muna aiki a bene ɗaya a makarantar horar da ungozomomi da ke nan Makassar, ni Rukka ina gyaran na'urori, ita kuma tana dafa mahaifa a tukunya. Haka ɗalibai ke faɗa, kuma ba ƙarya suka yi ba.

'Yar Takalar ce, daga wani ƙauye na bakin teku inda mahaifinta ke noman ciyawar teku a tafkunan ruwan gishiri. Tun tana 'yar shekara bakwai take taya uwarta aikin: a wanke ciyawar, a shanya har ta yi fari, a dafa, a tace da ƙyalle, a zuba a faranti ta daskare ta zama agar. A aji huɗu ta bar firamare. Da ta yi aure ta biyo mijinta Daeng Tompo birni, shi yana tuƙa keken ɗaukar fasinja, ita ta samu aiki a ɗakin girkin makarantarmu. Ta haihu sau huɗu, uku suka rayu. Bayan shinkafa da kifin da take dafa wa ɗalibai, tana yin agar kore da ja, ta yayyanka ta sayar a bakin taga. Shekara goma sha ɗaya tana haka.

Shekarar da aka kawo mana na'urar hoton ciki, wadda mata ke kira sikanin, an haɗo ta da wani akwati daga ƙasar waje. A cikinsa akwai mahaifa ƙirar hannu, da aka yi da wani abu mai laushi wanda sauti ke ratsawa kamar yadda yake ratsa naman mutum. Amfaninta biyu ne. Ɗalibai su koyi riƙe kan na'urar ba tare da sun wahalar da mace mai rai ba, mu kuma masu gyara mu gane ko na'urar gaskiya take faɗa, tunda an san tsawo da kaurin duk abin da ke ciki. Shekara biyu mahaifar ta yi, ta bushe, ta tsage. Da aka kai wa shugaban makaranta farashin sabuwa, ya ce shi bai ce zai sayi mota ba. Aka rufe maganar.

Pak Mappiasse, wato Malam Mappiasse, bai rufe ba. Shi ne malamin da ke koyar da yadda na'urar ke aiki, gajere, mai sanƙo, ba ya rabuwa da taba mai ƙamshin kanumfari. Ya karanta cewa ana iya haɗa irin wannan abu da agar, sai ya aika aka aro masa tukunya daga ɗakin girki, ya kafa risho a ɗakin gwaji. Ina wurin ran da mai tukunya ta hawo bene.

"Pak, tukunyata fa? Kwana uku ke nan ina dafa miya a ta shinkafa."

Ba ta jira amsa ba ta leƙa ciki. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan wa za ka ba? Ko akuya ba za ta ci ba."

"Ba na ci ba ne, Daeng. Na kimiyya ne."

"To ita ma kimiyyar ba za ta ci ba."

Bai yi fushi ba, don ya gaji da yawa. Ya ɗauko wanda ya daskarar jiya, ya shafa masa mai, ya ɗora kan na'urar. Allon ya cika da fararen ɗigogi, kowanne da baƙar jela a ƙarƙashinsa. Ya ce kumfa ce, sauti ba ya ratsa iska, duk inda ya ci karo da ita sai ya dawo, abin da ke bayanta ya yi duhu.

"Ai kai ka sa ta," in ji ta. "Kana juyawa kamar mai kaɗa ƙwai. Matsa."

Ta zubar da nasa. Ta jiƙa garin a ruwan sanyi tukuna, ta rage wutar rishon har ta kusa mutuwa, ta riƙa juyawa gefe ɗaya, ludayin bai taɓa barin gindin tukunyar ba. Da kumfa ta taso ta kwashe ta da ganyen ayaba. Ta sauke, ta jira har ta iya jure zafin tukunyar da bayan hannu, sannan ta tsiyaya a hankali ta bayan cokali, ta bubbuga gefen kwanon da yatsa. Ta wanke tukunyarta ta tafi da ita. Washegari da muka ɗora kan na'urar, allon ya fito fes, ba ɗigo ko ɗaya. Pak Mappiasse ya sauka da kansa ɗakin girki, ya tsaya a bakin taga a layin ɗalibai har aka zo kansa.

Da farko bayan sallar la'asar take hawowa, in ta gama wanke-wanke. Abin da ta fara tambaya shi ne kamannin abin da ake so ta yi. Aka kira Ibu Tenri, wato Uwargida Tenri, babbar malamar ungozomomi, ta buɗe mata littafi. Daeng Kanang ta juya hoton sama da ƙasa, ta ce ita ba ta gane zane. Ibu Tenri ta aika kasuwa aka sayo fiya, ta kifa ta a tafin hannunta, ta raba biyu, ta cire ƙwallon.

"Ga ta nan, Daeng. Wannan tsokar ce, wannan kuma ramin. A jikin ramin akwai shimfiɗa siririya, ita ce ke zuba duk wata."

"Duka-duka?"

"Duka-duka, in ba ciki."

"Ikon Allah. Huɗu na haifa, ashe a cikin fiya na ajiye su."

Ta ɗauki rabin fiyar ta kai wa wata 'yar'uwarta maginiya a Takalar, aka gina mata mazubi na yumɓu mai murfi biyu. Daga nan aka shiga wahala. Agar tsura baƙi yake fitowa a allo kamar ruwa, alhali nama toka-toka yake fitowa, sai aka daka bakin fensir aka zuba. Sauti yana wucewa da sauƙi fiye da kima, aka ƙara madarar gwangwani. Gudunsa bai kai ba, aka ƙara gilisarin, don Pak Mappiasse ya ce dole ya kai mita dubu ɗaya da ɗari biyar da arba'in a sakan ɗaya, in ba haka ba duk awon da za a yi ƙarya ne. Ita ba ta taɓa riƙe lambar ba. Abin da ta riƙe shi ne yadda abin ke tura babban yatsanta in ta danna. Tsoka daban, shimfiɗa daban, ƙari daban, kuma kowanne sai wanda ke ƙarƙashinsa ya kama jiki amma bai gama sanyi ba za a zuba shi, in an makara su rabu, in an yi garaje su cakuɗe.

Ta farko da ta yi kyau, kwana huɗu ta yi ta yi fumfuna. Ta biyu tururuwa suka same ta a ranar Lahadi, saboda madarar, muka zo Litinin muka tarar sun yi hanya tun daga taga. Pak Mappiasse ya zauna a kujera ya riƙe kai. Daeng Kanang ta ce laifinsa ne, wa ke ajiye abu mai zaƙi ba tare da ya sa ƙafafun tebur a ruwa ba? Bayan nan aka samo maganin hana ruɓewa, aka samo firji. Wata goma sha huɗu aka ɗauka kafin Ibu Tenri ta duba allo, ta ce da ba ta ga abin a kan tebur ba da ta tambayi matar yaushe ta ga jininta na ƙarshe.

Daga nan aka ɗauke ta daga ɗakin girki gaba ɗaya. Ta koyi yin iri-iri: mai ƙari, mai kaurin shimfiɗa, mai ƙaramin ciki na wata biyu, mai robar tsarin iyali da ta goce daga wurinta. Balan-balan cike da ruwa shi ne mafitsara. Don awo kuwa, zaren kamun kifin Daeng Tompo take jerawa a ciki, tsakanin kowanne da kowanne santimita ɗaya, su fito a allo kamar taurari a layi. Shi Daeng Tompo ya ce bai damu da abin da take dafawa ba, muddin ta bar masa zare na ranar Juma'a. Shi ke ɗauko mata garin agar daga kasuwa, kuma in abokan tasha suka tambaye shi aikin matarsa sai ya ce kek take yi wa likitoci.

A unguwarsu labarin ya canza kama. Mata suka fara sallama da yamma, wata shekara shida ba haihuwa, wata jini ya ƙi tsayawa. Takan ba su shayi, ta ce ita ta san ta tukunya kawai, ta jiki sai Ibu Tenri, ta faɗa musu ranar da ake ganinta. Wata ta nace sai ta shafa mata ciki. Daeng Kanang ta ce, "Ni in na taɓa abu daskarewa yake yi, ki yi tunani." Matar ta tashi.

Sau ɗaya suka yi babban saɓani da Pak Mappiasse. An kawo sabuwar jarkar gilisarin, ta haɗa kamar kullum, ta danna, ta ce ba daidai ba ne. Ya ce ma'auni bai canza ba, yatsanta ne ya tsufa. Ta cire gyalen aiki ta rataye, ta sauka ɗakin girki ta zauna tana tsinke wake. Da ya auna gudun sautin ya ga ya gaza, ashe an surka jarkar da ruwa tun daga shago. Bai ba ta haƙuri ba. Ya dai sayo ayaba gasasshiya da ruwan sukari ya ajiye a kan teburinta, ita ma ta cinye ta koma bakin aikinta.

Abin da ya sa sunanta ya fita daga benenmu ya faru a shekara ta bakwai da fara wannan aikin. Wata tsohuwar ɗalibarmu mai suna Hajerah, da ke riƙe da ɗakin shan magani a wani tsibiri, ta rubuto wa Ibu Tenri. Ta ce tun da aka ba su na'ura kyauta, jariran tsibirin sun daina zuwa a kan lokaci. Na'ura ta ba da rana, ranar ta wuce da mako biyu, uku, ba naƙuda. Sai a sa mace a jirgi a kai ta babban asibiti a sa mata ruwan naƙuda, wasu kuma jariran su fito ƙanana. Ta ce ba ta da hujja, lissafin tsofaffin matan tsibirin dai ya fi na na'urar dacewa.

Aka ce in je in duba, in tafi da mahaifar gwaji. Daeng Kanang ta ce ba za ta ba ni ba.

"Kai da ka fasa mini mazubi bara? Jirgi zai jijjiga ta, kai kana can kana amai."

"Daeng, awa biyar ce a teku."

"A teku aka haife ni, ƙanena. Kai ka nemi leda."

Da safe muka tashi daga tashar jirage, ita da kula a kan cinya da kwandon guzuri a gefen ƙafa. Ba ta ajiye kular ba har muka sauka. Maganar leda kuwa ta tabbata.

Mun tarar da likitan da ke zagayo tsibirin duk mako biyu, Likita Wiryawan, ɗan Java, mai ladabi. Shi ya yi ta rubuce-rubuce har aka ba su na'urar, don haka yana ji da ita. Hajerah ta share gadon awo, Daeng Kanang ta fito da abinta ta kwantar. A ciki akwai ƙari da ta zuba mai faɗin santimita huɗu cif. Na ɗora kan na'urar, na auna. Huɗu da rabi. Na sake ta wani gefen, huɗu da rabi. Zarurrukan ma duk sun buɗe fiye da yadda aka jera su.

Likitan ya karɓa ya auna da kansa. Ya ce, cikin girmamawa, wannan na'ura kamfani ne ya ƙera ta, wancan kuwa a tukunya aka dafa shi.

"Ki yi haƙuri, Ibu. Awa biyar yana cikin ruwan ƙanƙara. Agar yana shan ruwa ya kumbura, ko a gida mun sani."

"Na gidanku, Likita."

"Ban ce aikinki ba kyau. Na ce ba mu da tabbas."

Ta kalli Hajerah. "'Yata, kuna da wuƙa a nan?"

Hajerah ta kawo wuƙar yanka kifi. Na san aikin mako uku ne a kan gadon, na buɗe baki zan yi magana, ta riga ta sa wuƙar. Ta tsaga ta daga sama har ƙasa, ta buɗe biyu, ƙarin ya fito a rabe, launinsa ya fi na kewaye duhu. Ta zaro rula daga aljihuna ta miƙa wa likitan.

"Kai ka auna. Ni aji huɗu na yi."

Ya sunkuya ya auna, ya juya rular ya sake. Huɗu. Ya miƙe ya cire tabarau ya goge, ya tambayi Hajerah mata nawa aka tura da jirgi a bana. Ta ce tara. Ya fita baranda ya tsaya.

Na kwance bayan na'urar. Kan da ke jikinta ba nata ba ne, na wata ƙirar ne aka haɗa mata kafin a bayar da ita, ba a kuma daidaita lissafinta da shi ba. Duk abin da ta gani sai ta ƙara masa girma, ta mayar da ɗan wata biyar ya zama ya kusa shida. Na daidaita iyakar yadda na iya, sannan na tuna ba ni da abin da zan gwada gyaran da shi, tunda an yanka. Na faɗa mata haka, da ɗan zafi.

Ta jawo kwandon guzuri, ta ɗaga ƙunshin shinkafa da soyayyen kifi, ta fito da wata mahaifar a naɗe da jiƙaƙƙen tawul.

"Kana tsammani zan yanka in guda ɗaya na kawo?"

Wannan karon huɗu ta nuna. Kafin jirgin la'asar Hajerah ta aika aka kira masu ciki, likitan ya sake auna su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara ranakun a katinsu da hannunsa. Huɗu daga cikinsu an riga an sa musu ranar tafiya babban asibiti. Suka zauna a gida, kuma daga baya Hajerah ta rubuto cewa duk sun haihu lafiya a lokacinsu. Daeng Kanang ta bar musu mahaifar ta biyu, ta nuna wa Hajerah yadda za ta adana ta, ta ce in ta fara wari a jefar, kar a ji tausayi.

Likita Wiryawan ya rubuta rahoto, rahoton ya zaga. Asibitocin gundumomi suka fara aiko da saƙo, har ya zama duk wata sai ta dafa shida ko bakwai. Pak Mappiasse ya rubuta maƙala aka buga a wata mujallar ilimi, da sunansa da na Ibu Tenri a sama. Nata yana ƙasa a wurin godiya, an kuma rubuta shi ba daidai ba. Ya kawo mata kwafi yana ta kame-kame. Ta sa na karanta mata layin, ta ce ai sun yi ƙoƙari, ta shimfiɗa shi a ƙasan akwatin da take ajiye mazubai, don yumɓu ba ya son danshi. Sau biyu ya nema mata a mayar da ita cikakkiyar ma'aikaciya, sau biyu aka ce sai da takardar sakandare. Ta ƙare aikinta a matsayin 'yar kwantiragi, a rubuce kuma mai taimakon girki.

Pak Mappiasse ya yi ritaya, bai shekara biyu ba ciwon huhu ya ɗauke shi. Waɗanda suka gaje shi sun zo da injin da ke ƙera mazubi daga hoton mahaifar gaske, da wani irin ruwan roba da ake daskararwa a firji a narkar sau da yawa, wanda ke shekara bai lalace ba. Ba su raina ta ba. Ta koyi sabon aikin, ta ce ya fi nata ƙarko, amma ba ya ƙamshin komai. Gwiwarta ta fara hana ta hawa bene. Da Daeng Tompo ya rasu, ta yi wata huɗu da kwana goma a gida, ta dawo ta yi zango ɗaya, ta ce ya isa. An yi mata walima da shinkafa mai launin rawaya, aka ba ta agogon bango.

Yanzu tana Takalar wurin 'yarta ta biyu, tana kiwon agwagi. Watan jiya sabon haɗin da suka yi ya riƙa rabewa tsakanin tsoka da shimfiɗa, sun rasa dalili, aka ce in je in ɗauko ta da motar makaranta tunda ni take sauraro. Na same ta a ƙarƙashin gidan, wanda aka ɗora kan dogayen ginshiƙai, da ƙwai sun fi ɗari a kwanduna, tana rina su ja da shuɗi saboda Mauludi, hannayenta duk sun rine har wuyan hannu. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta tambaya ko sun sa sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, na ce e. Ta ce to su kashe ta ranar zubi don kar na ƙasa ya huce da wuri, in bai yi ba ta zo bayan Mauludi. Sannan ta miƙo mini kwando ta ce in riƙe da kyau, waɗannan na masallaci ne.